Kyanwar Farisa A Ƙasar Masara

Masu bibiyar wannan fili sun saba ji na a kan taki da farashin hatsi da halin da jami'o'inmu suke ciki, saboda haka na san wasu za su yi mamaki da suka ga yau na ɗauko zancen kyanwa. Wani ma zai ce, haba Malam, ana fama da tsadar rayuwa, ga mutanen Faskari da Sabuwa ba sa barci da ido biyu rufe, kai kuma mage ce ta dame ka? Ina roƙon a yi mini uzuri na mako guda. Abin da na gani a gidan yayata a Funtua lokacin hutun Ƙaramar Sallah ya tsaya mini a rai, kuma daga baya na fahimci ba gidanta kaɗai abin ya shiga ba.

Na isa gidan da azahar, cikin tsakiyar bazara, ga shi babu wutar lantarki. A tsakar falo na hangi wani farin abu shimfiɗe a kan tayil kamar curin audugar da ya faɗo daga motar kaya. Sai da ya motsa na gane mai rai ne. Kyanwa ce, gashinta har ƙasa, idanunta manya, amma inda ya kamata hanci da baki su turo gaba sai na ga wurin a shafe, hancin ya nutse tsakanin idanu biyu. Da baki take numfashi, tun daga bakin ƙofa kana jin ƙarar shigar iska da fitarta. Ƙarƙashin kowane ido akwai wani zane mai ruwan ƙasa da hawaye ya bari. 'Yar yayata, wadda take aji uku a jami'a, ta ce da ni cikin alfahari: "Kawu, 'yar Farisa ce ta asali. Daga Abuja aka kawo mini ita. Mai sayarwar ya ce irin wannan fuskar ta fi kowacce tsada." Mahaifiyarmu, wadda ba ta raga wa jikokinta, tana daga kan darduma ta ce: "Ke dai an cuce ki, an sayar miki da magen da aka buga wa taɓarya a fuska. Kwana goma ke nan ɓera yana wucewa ta gabanta, ko kallo bai ishe ta ba. Kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yakushi."

Kowa ya yi dariya. Tawa dariyar ba ta yi nisa ba, domin kimiyyar kiwon dabbobi nake koyarwa, kuma na san kyanwa mai lafiya ba ta numfashi da baki. Kare ne yake zaro harshe ya yi haki, ɗabi'arsa ce. Ita kyanwa in ka ga ta buɗe baki tana haki, to wuya ta kai mata. Na tambayi kuɗin da aka biya, aka faɗa mini adadin da zai sayi tumaki biyu masu ciki a kasuwar ƙauye. Ana cikin haka sai na ga yarinyar ta ɓallo ƙwayar farasitamol, wai za ta raba biyu ta jiƙa ta ɗura mata tunda jikinta da zafi. Na riƙe hannunta. Wannan ƙwaya da muke haɗiya ba tare da wani tunani ba guba ce ga kowace kyanwa, ta Farisa ko ta bayan rumbu. Hantar ɗan Adam tana da sinadarin da ke sarrafa maganin ya fita daga jiki. Hantar kyanwa tana da ƙarancinsa ƙwarai, sai maganin ya juya ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya rine, fuska ta kumbura. Ƙwaya guda ta manya tana iya kashe ta, rabinta ma ba abin wasa ba ne. Da na ƙara minti biyar a hanyar Zariya, da an binne kuɗin tumaki biyu a bayan gida. Tawul muka jiƙa da ruwan randa muka riƙa shafa mata a ciki da tafin ƙafa, muka mayar da ita ɗakin da ya fi samun iska, kafin la'asar ta rufe bakinta.

Duk wanda yake leƙa Instagram ko TikTok ya san waɗannan kyanwoyi sun shigo gari. Ana tallarsu daga Abuja da Kaduna da Kano, ana sako su a motar haya cikin kwando, saurayi yana ba budurwa kyauta, uba yana saya wa 'yar auta. Ba na cikin masu ganin kiwon kyanwa don sha'awa almubazzaranci ne ko kwaikwayon Turawa. Bahaushe ya daɗe yana kiwon tantabara da aku da doki don nishaɗi, kuma sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi da 'yar kyanwa aka yi masa laƙabi. Batun sayar da ita kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, mafi yawansu sun halatta, wannan fagensu ne. Abin da ya shafi fagena shi ne wannan: fuskar da ake ƙara wa kuɗi dominta nakasa ce, kuma gwargwadon shafewarta gwargwadon wahalar da dabbar za ta sha, musamman a ƙasa irin tamu.

Bari mu koma baya kaɗan mu ga inda fuskar ta samo asali. A wajen 1620 wani matafiyi ɗan Italiya mai suna Pietro della Valle, yana zaune a Isfahan, ya ba da labarin wasu kyanwoyi masu dogon gashi daga yankin Khurasan. Daga irin waɗannan da kuma na Ankara ta Turkiyya masu dogon gashi suka yaɗu a gidajen attajiran Turai. A 1871 aka yi babbar gasar nuna kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan, wadda Harrison Weir ya shirya, daga nan kuma aka fara rubuta ƙa'idojin yadda kowane iri ya kamata ya kasance, alƙalai suna ba da maki. Duk wanda ya duba hotunan kyanwoyin Farisa na farkon ƙarni na 20 zai ga suna da hanci kamar na kowace mage, sai dai ya ɗan fi gajarta. Wajen tsakiyar ƙarnin ne, a Amurka, aka riƙa samun 'ya'ya masu fuska a lotse, alƙalan gasa suka nuna sun fi son su, masu kiwo kuma suka bi inda kofi yake. Aka yi ta haɗa mai gajeren hanci da wanda ya fi shi gajarta, zuriya bayan zuriya, har hancin ya koma abin da na gani a Funtua. Wani binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2008 ma ya nuna cewa kyanwar Farisa ta yau ta fi kusa da kyanwoyin Yammacin Turai a kan na Iran. Sunan ne kawai ya rage na Farisa, aikin kuwa na Ingila da Amurka ne.

A kasuwa za ka ji ana rarraba fuskar gida-gida. Akwai wadda ake kira fuskar 'yar tsana, ita ce ta gargajiya: kai zagayayye, hanci gajere amma a bayyane, yana ƙasa da idanu inda Allah ya ajiye shi, in ka dube ta daga gefe za ka ga baki ya ɗan turo. Akwai shafaffiyar fuska irin ta gasa, wadda in ka dube ta daga gefe goshi da hanci da haɓa suna kan layi guda kamar an daidaita su da katako. Sai kuma wadda ta wuce gona da iri, da Turawa suka ba sunan wani ɗan ƙaramin karen Sin mai lotsattsiyar fuska, inda hancin ya haura sama ya shige tsakanin idanu. 'Yan kasuwar Indiya da Pakistan suna kiranta da wani suna na Turanci mai nufin fuskar da aka nausa, sunan kuma ya biyo intanet ya iso mana. Ashe Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta ambaci taɓarya. A haƙiƙa babu katanga tsakanin waɗannan gidaje, tsani ne guda, kowace kyanwa tana kan wata matakala. Tamu ta Funtua tana can kusa da ƙarshe.

Abin da mai saye bai sani ba shi ne, ƙashin fuska ne aka gajarta, amma kayan da ke cikinsa suna nan yadda suke. Ka ɗauka kamar an tattara kayan ɗaki biyu an cusa a ɗaki ɗaya. Ƙofofin hanci sun tsuke, hanyar iska ta cikin hanci ta cunkushe, shi ya sa ake jin minshari ko tana farke. Akwai wani siririn bututu da ke kwashe hawaye daga ido ya zuba cikin hanci. A shafaffiyar fuska bututun ya lanƙwashe, sai hawayen ya riƙa kwarara ta kumatu, ya jiƙa lungun fatar da ke gefen hanci, wurin ya yi ta ruɓewa in ba a goge shi kullum. Kwarmin ido ya yi ƙaranci, ido ya fito waje, fatar ido ba ta rufe shi sosai, ƙura kaɗan ko tsinke sai ya zama gyambo. Haƙora talatin na babbar kyanwa suna nan, muƙamuƙin da zai ɗauke su ne ya ragu, sai su hau juna, na sama da na ƙasa su ƙi haɗuwa, abinci ya maƙale, dasashi ya kumbura. In aka zo haihuwa kuma, kan 'ya'yan yana da faɗi, naƙuda takan yi tsanani, wani lokaci sai an yi tiyata. A 2017 likitocin dabbobi na Jami'ar Giessen a Jamus sun ɗauki hoton cikin kawunan kyanwoyin Farisa, suka ga cewa waɗanda fuskarsu ta fi lotsewa sun fi samun taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. A 2019 kuma Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta duba bayanan kyanwoyin Farisa 3,235 da ake kai wa asibitoci a Birtaniya, ta samu kusan kashi 65 cikin 100 suna da aƙalla matsalar lafiya guda, matsalar gashi da ta haƙori suna kan gaba. Wannan fa a Birtaniya ke nan, inda likitan kyanwa yake kusan kowace unguwa.

Akwai wata cutar da ba ta da alaƙa da fuska, ba a kuma ganinta a hoton talla. Cutar ƙoda ce ta gado, inda ake haifar ɗan kyanwa da wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa a cikin ƙoda, su yi ta girma a hankali suna cinye naman ƙodar. Kafin a fara gwaji, bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan ɗaya cikin uku na kyanwoyin Farisa, a wasu wuraren ma fiye da haka, suna ɗauke da ita. Gadonta mai ƙarfi ne: in uwa ko uba ɗaya yana da ita, kowane ɗa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Ba ta nuna kanta da wuri. Sai kyanwa ta shekara shida ko bakwai, an shaƙu da ita, sannan a ga tana yawan shan ruwa da fitsari, tana ramewa, tana amai. Ba ta da magani, sai lallaɓawa. A 2004 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, aka samu gwajin da ake yi da ɗan yawun baki, kuma na'urar duban ciki tana nuna ƙurajen tun kyanwa tana da wata goma. Masu kiwo na ƙwarai a Turai sun rage cutar ƙwarai ta hanyar cire masu ita daga haihuwa. Na tambayi 'yar yayata ko an ba ta wata takarda game da iyayen tata. Ta ce an turo mata bidiyon uwar tana wasa da zare.

Yanzu a ɗora wannan dabba a kan yanayinmu. Gaskiya ne Funtua da Malumfashi sun fi Katsina da Daura sauƙin zafi, amma daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana haura 35 da rana, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Kyanwa ba ta gumi sai kaɗan a tafin ƙafa. Da lasar jiki take rage zafi, in abin ya yi tsanani ta koma ga numfashi, ga shi an lulluɓe ta da bargo mai ninki biyu an kuma toshe mata hanci. Da hunturu hazo da ƙura su addabi idanun nan da ba sa rufuwa sosai. Da kaka, in ta kuskura ta fita bayan gida, ƙarangiya ta kama gashin. Shi wannan gashi kullum yake son mataji, ba ranar Juma'a kaɗai ba. In aka yi sakaci ya cukurkuɗe ya zama dunƙule a hammata da ƙarƙashin wutsiya, fata ta yi rauni a ƙasa, da damina ƙuda ya yi ƙwai a ciki. Abin da ta lasa ta haɗiye kuma yakan taru a ciki ya zama curi. Makero yana son wannan iri fiye da sauran, yana kuma tsallakawa daga jikinta zuwa kan yaran da ke rungumarta. Sannan a gidan manomi, inda galan ɗin maganin feshi yake jingine a zaure, akwai jarabar a ɗan ɗiga mata don kashe ƙuma. Kada a soma. Maganin feshin gona, da fiya-fiya, da maganin ƙumar da aka yi domin karnuka, duk suna iya jefa kyanwa cikin karkarwa da farfaɗiya har ta mutu, domin abin da aka zuba a gashinta cikinta zai tafi.

Maganar abinci ita ce na fi so a saurara, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suke yin ɓarna. Da na duba kwanon kyanwar nan, shinkafa da miya na gani da madarar gari a gefe. Yayata ta ce ai haka muka taso muna ba magen gidanmu ragowar tuwo, ba ta taɓa ciwon kai ba. Gaskiya ne, amma an manta rabin labarin. Magen gidanmu tuwo marmari ne a wurinta. Da dare ya yi za ta kama ɓera, da rana ƙadangare da fara da ɗan tsuntsu, a nan take samun abincinta na gaskiya. Kyanwa maciyiyar nama ce zalla, ba kamar kare ba da zai iya rayuwa a kan tuwo da ɗan romo. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, a nama kaɗai take samunsa. In ya yi ƙaranci ido ya mutu a hankali, zuciya ta saki. A 1987 ne aka tabbatar da alaƙar rashinsa da ciwon zuciyar kyanwoyi, daga nan kamfanonin abinci suka ƙara yawansa a abin da suke sayarwa. Ko zaƙi ma harshenta ba ya ji. To ita 'yar Farisa da aka kulle a falo, ba ta farauta, ba ta ma iya ba, abin da ka zuba mata shi ne iyakar duniyarta.

Miyarmu kuwa babu wadda ba a sa wa albasa, ita kuma albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Ga gishiri, ga dunƙulen ɗanɗano, ga yaji. Madara, wadda kowa ya ɗauka ita ce abincin mage, yawancin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, zawo take sa su, zawo a jikin mai gashi har ƙasa kuma sai wanda ya wanke ya san daɗinsa. Abin da ya dace shi ne cikakken abincin kyanwa na kamfani, ba na kare ba, tare da ƙarin dafaffen naman kaza ko zuciya ko kifin da aka cire wa ƙaya ko dafaffen ƙwai, ba gishiri ba albasa, a haɗa mata da romon domin taurin yana narkewa cikin ruwan dahuwa. Hanta kaɗan-kaɗan, yawanta yana cutarwa. Tsokar nama ita kaɗai ma ba ta wadatar ba, domin ba ta da sinadarin gina ƙashi. Ɗan kyanwar da aka raina a kan tsoka zalla ƙafafunsa lanƙwashewa suke yi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. A zuba a faranti mai faɗi marar zurfi, domin mai shafaffiyar fuska ba ta iya tura baki cikin kwano, wasu ma da ƙyar suke ɗaukar ƙwayar abinci, har kamfanin Royal Canin na Faransa ya ƙera ƙwaya mai siffa ta musamman dominsu. Ruwa kuma kada ya yanke. Kakannin kyanwa 'yan hamada ne, ba ta cika jin ƙishirwa ba, daga naman da take ci take samun ruwa. Jikin ɓera kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, busasshen abincin buhu kuwa bai wuce kashi 10 ba, ga iri mai raunin ƙoda. Shi wannan abincin buhu yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya san inda dala ta nufa. Ɗalibar da ke jiran kuɗin aljihu daga gida ba ta yi wannan lissafi ba ranar da ta ga hoto.

Kwana biyu bayan haka na wuce wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur don gaishe da ƙanin mahaifinmu. Na tarar da shi yana jujjuya buhunan wake a ɗakin ajiya, irin buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Huɗu daga ciki ɓera ya huda, kuma huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin buhun gaba ɗaya. Na tambaye shi ina magen nan mai zanen toka da na saba gani a gindin rumbu. Ya ce ai ta mutu tun da kaka, ta ci ɓeran da ya ci shinkafar ɓera da wani maƙwabci ya zuba. Shekara biyar tana gidan, ba wanda ya taɓa raɗa mata suna, ba wanda ya taɓa kashe mata ko sisi. "Sai da ta tafi," in ji shi, "na san albashi take bi na."

Wannan yanki namu rumbu ne. Tun da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, tare da na Gusau da Gombe, masara ta zauna da gindinta a nan, kuma duk wanda ya ga tirelolin da ke lodi a Dandume ya san ƙasar nan da mu take ci. Inda hatsi ya taru ɓera zai taru, haka abin yake tun farkon noma. Ta wannan ƙofar ma kyanwa ta shigo gidan ɗan Adam: magen daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta biyo ɓera zuwa rumbunan manoman farko, har an tono wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500 da aka binne mutum da kyanwa a gefensa. Ɓera ba hatsi kaɗai yake ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Borno, ta fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa yake shiga abinci, kuma cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a kansu, bayan adana hatsi a rufe da tsaftar gida, har da ajiye kyanwa. Ba na cewa mage tana ƙarar da ɓera. Babbar gafiya ma takan gagare ta, kuma matan da muzuru ya kwashe wa 'yan tsaki suna da hujjarsu. Amma dabbar da ta yi mana wannan hidima ita ce yara suke jifa a lungu, ita ce in baƙa ce ake cewa mayya ce ko aljana, ita ce ake zuba 'ya'yanta a buhu a kai bayan gari. Kunnuwanta a tsaye, hancinta a buɗe, gashinta gajere, ta san bazara ta san hunturu. Da za a yi mata allurar haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki, a daina watsa guba barkatai, da an biya ta kaɗan daga abin da take bi.

A kan hanyar Zariya zuwa Funtua akwai Shika, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take. A can aka shafe shekaru ana zaɓe da haɗi har aka fitar da kazar Shika Brown, mai yawan ƙwai kuma mai jure yanayinmu. Ina kawo wa ɗalibaina wannan misali in nuna musu cewa zaɓen iri wuƙa ce, abin da ka nufa da ita shi take yankawa. Makiyayin da ke zaɓen bijimin Bunaji yana duban ƙafa da ƙirji da juriyar tafiya. Alƙalan gasar kyanwa fuska suka duba, suka samu fuskar, dabbar ta biya da numfashinta. Yanzu kuma mu ne alƙalan. Matashin da ke haɗa kyanwoyi a bayan gidansu a Kaduna ba mugu ba ne, kasuwa yake bi; in masu saye suna ƙara kuɗi a kan lotsattsiyar fuska, ita zai yi ta haifarwa, uba da 'ya, wa da ƙanwa, tunda irin kaɗan ne a ƙasar. Wanda ya ga lallai sai 'yar Farisa, to ya nemi mai hanci a bayyane, ya je da ƙafarsa ya ga uwar, ya saurari numfashin ɗan bayan ya yi wasa, ya duba ƙarƙashin ido, kada ya karɓi wanda bai kai wata uku ba, ya kuma tambayi gwajin ƙoda ko da za a yi masa dariya. Ya san kuma likitocin dabbobin yankinmu yawancin aikinsu shanu da tumaki da kaji ne. In abu ya kai ga tiyata ko duban ciki, hanyar Samaru zai kama zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya riga ya saya kuwa, ba shi da damar gajiya. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, kowane ɗan Islamiyya ya san shi. Ita wannan ko an sake ta ba za ta iya nema ba.

Kyanwar Funtua tana nan da rai. An kai ta Zariya, an rage mata gashi, an ba da maganin ido, an sauya mata kwano da abin da ke cikinsa. Hajiya ce ma yanzu take tuna wa jikarta lokacin goge mata fuska, tana yi tana mita. A makon jiya yarinyar ta kira ni, wai wani a Kano yana da namiji mai fuska irin tata, ya ce a kawo a haɗa su, in ta haihu a raba 'ya'yan, kuɗin ɗaya ma ya isa kuɗin makarantar zango guda. Na ce mata ta fara tambayarsa abu biyu: takardar gwajin ƙodar namijin, da kuma wanda zai biya kuɗin tiyata in kan ɗa ya maƙale da tsakar dare. Ta tura masa saƙon ranar Talata. Ya karanta, har yau bai ba da amsa ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.